Kakan-kakansa Ya Kafa Gidan Kiwo a Dajin Amurka: Yaya Rayuwar Take a Gaskiya?

Tambaya: Wani ɗan'uwanmu da ke karatu a jihar Teksas ta Amurka ya rubuto yana cewa: "Malam, ina da maƙwabci, wani dattijon Bature, ba ya gajiya da ba ni labarin kakan-kakansa. Ya ce da keken doki ɗaya da 'yan shanu ya shigo yankin, ya kafa gidan kiwo a dajin da babu kowa, kuma wai a lokacin gwamnati kyauta take ba da fili. Gaskiya ne? Yaya rayuwar irin waɗannan mutane take, ban da abin da muka gani a finafinan kaboyi?"

Amsa: Ɗan'uwa, Allah ya ba da sa'ar karatu. Dattijon nan bai yi maka ƙarya ba. An yi irin waɗannan mutane, sun sha wuyar da jikokinsu ba za su iya kwana uku a cikinta ba, kuma ina ganin girmansu a kan hakan. Sai dai labarin kakanni idan ya daɗe yana tafiya daga baki zuwa baki yakan zubar da kaya a hanya. Abin da ya fi saurin faɗuwa daga labarin gidajen kiwon Amurka shi ne wanda aka kora kafin kakan ya sauka, da wanda ya riƙe ruwa, da mai kuɗin da aka juya. A shekarun da na yi ina nazarin tarihin kiwo, ban ga gidan da ya ɗore ba tare da waɗannan sun tsaya masa ba. Jarumta kuwa kowa ya zo da tasa. Waɗanda suka naɗe tabarmarsu suka koma ba ragwaye ba ne.

Mu fara da maganar fili kyauta. Ranar 20 ga Mayu 1862, ana tsakiyar yaƙin basasa, shugaba Abraham Lincoln ya sa hannu a wata doka da ta ba duk magidanci, ko wanda ya kai shekara 21, damar zaɓar eka 160, wato wajen hekta 65, a filayen gwamnatin tarayya. Zai biya dala 18 kuɗin takardu, ya gina matsuguni, ya zauna yana aikin ƙasar shekara biyar, sannan ya kawo shaidu biyu a ba shi takardar mallaka. Zawarawa da matan da ba su yi aure ba sun shiga, baƙin haure masu niyyar zama 'yan ƙasa sun shiga, bayin da aka 'yanta ma daga baya sun shiga. An mallaka wa mutane kimanin eka miliyan 270 ta wannan hanya. Amma fiye da rabin waɗanda suka rubuta suna ba su kai ga karɓar takardar ba.

Ga wani abu da ya shafe ka kai tsaye: wannan doka ba ta yi aiki a Teksas ba. Lokacin da Teksas ta shiga tarayyar Amurka a 1845 ta riƙe filayenta a hannunta, ita ke rabawa da sayarwa bisa nata dokokin. Ta biya tsofaffin sojoji da fili, ta biya kamfanonin jirgin ƙasa da fili, har ginin majalisarta da ke Austin da fili ta biya shi, eka miliyan 3, wanda ya zama gandun kiwon XIT. Saboda haka idan kakan maƙwabcinka a Teksas ya sauka, mai yiwuwa ne saye ya yi da araha, ko ya sayi takardar fili daga hannun 'yan kasuwa, ko kuma ya yi shekaru yana kiwo a ƙasar da ba tasa ba kafin ya mallaki ko taku ɗaya.

Ita kanta eka 160 ɗin, waɗanda suka yanka ta da ƙasar gabas suka auna, inda ruwan sama ke wadata. Da ka nausa yamma sai ruwa ya ja baya. A arewacin Teksas abin da ake samu a shekara bai wuce wajen milimita 500 ba, kwatankwacin na Maraɗi, ga kuma sanyin da ke daskarar da kogi. A irin wannan ƙasa saniya ɗaya na buƙatar eka 20 zuwa 30, wani wurin fiye, kafin ta ƙoshi shekara. Lissafa da kanka: filin da gwamnati ta bayar ba zai riƙe shanu goma ba. Wani masanin ƙasa, John Wesley Powell, ya faɗa wa majalisa haka a rahotonsa na 1878. Ya ce gidan kiwo a busasshiyar ƙasa sai da eka 2,560, kuma a yanka filaye yadda kowa zai taɓa ruwa. Ba a saurare shi ba. Sai a 1904 aka ƙara zuwa eka 640 a yammacin Nebraska, a 1916 kuma aka yi wa makiyaya na sauran wurare haka. Kafin nan iyalai da yawa sun riga sun karye.

To yaya masu shanu dubbai suka yi? Sun gane cewa ba fili ake mallaka ba, ruwa ake mallaka. Ka kama bakin rafi ko idon ruwa, duk ciyawar da ke kewaye, iyakar inda saniya za ta yi kiwo ta dawo ta sha, ta zama taka ko ba ka da takardarta, domin ba wanda zai kawo garke inda ba zai shayar ba.

Bari in ɗauki mutum ɗaya da tarihinsa ke rubuce, mu bi shi, domin kusan duk abin da nake son nuna maka yana cikin rayuwarsa. Sunansa Charles Goodnight. An haife shi a jihar Ilinoi a 1836, mahaifinsa ya rasu yana ɗan shekara biyar, kuma yana shekara tara iyalinsu suka yi ƙaura zuwa Teksas, shi a bayan doki ba sirdi. Karatun makaranta duka-duka wata shida ya yi. Yana da shekara 20, shi da ɗan mijin mahaifiyarsa suka karɓi kiwon shanu wajen 400 na wani mai dukiya, a kan sharaɗin cewa duk maruƙa huɗu da aka haifa, ɗaya nasu ne. Duk wanda ya san yadda yaron kiwo ke tara nasa garken a ruga, daga ladan da ake ba shi na dabba, ya san wannan hanyar. Haka mafi yawan talakawan makiyayan Teksas suka fara.

Yaƙin basasa na 1861 zuwa 1865 ya kwashe maza, shanu suka bazu a daji suna hayayyafa babu mai lura. Shanu ne masu dogon ƙaho, jinin waɗanda Sifaniyawa suka kawo, masu jure ƙishi da tafiya, idan ka gan su sai ka tuna da rahaji. Da aka gama yaƙi, sa a Teksas bai wuce dala 4 ba, a kasuwannin arewa kuwa yana kai dala 30 zuwa 40. Duk harkar kaboyi da ka gani a sinima daga wannan tazarar farashi ta fito.

A watan Yuni 1866 Goodnight ya haɗa garke da wani dattijo mai suna Oliver Loving, shanu 2,000 da mahaya 18, suka nufi sansanin soja na Fort Sumner a Niyu Meksiko. Don su kauce wa ƙasar Komanci, wata ƙabila ta 'yan asalin ƙasar masu yaƙi a kan doki, sai suka yi zagaye ta kudu maso yamma, hanyar da ke da wani yanki na kusan kilomita 130 babu ɗigon ruwa, daga kogin Concho zuwa kogin Pecos. Kwana uku suna kora dare da rana. Da shanun suka shaƙi ƙamshin ruwa sai suka ɓalle a guje, wasu suka tattake juna, wasu suka nutse, wasu suka sha ruwan kanwa mai guba suka faɗi nan take. Sun yi asarar ɗaruruwa. Duk da haka sun sayar da bijimai a kan santi 8 kowane fam na nauyi, Goodnight ya juyo da dala 12,000 na zinariya a bayan alfadari.

Ka tambayi kanka, wa zai ci naman shanu da yawa haka a tsakiyar hamada? Gwamnati ce ta saya, don ta ciyar da mutanen ƙabilar Nabaho wajen 8,000 da soja ya koro daga ƙasarsu ya tsare a Bosque Redondo, inda yunwa da cuta ke kashe su. Kasuwar farko da ta ɗaga wannan makiyayi ita ce sansanin da aka tsare masu ƙasa. Ba na faɗin haka don in ɓata sunansa. Ina faɗa ne domin jikoki ba sa kawo wannan a hira, alhali da shi aka gina gidan.

Shekara ta zagayo, a 1867, mayaƙan Komanci suka raunata Loving a bakin Pecos, raunin hannunsa ya ruɓe, ya rasu a Fort Sumner a watan Satumba. Goodnight ya ci gaba da raba riba da iyalan mamacin, kuma ya ɗauko gawarsa a keken doki ya mayar da ita garin Weatherford na Teksas, tafiyar ɗaruruwan kilomita, saboda alkawarin da ya yi masa. A inda babu kotu babu banki, amana ita ce jarin mutum, kuma wannan ɓangare na labarin da suke alfahari da shi gaskiya ne. Ya yi aure a 1870, ya kafa gida kusa da Pueblo a Kolorado, ya sa kuɗi a banki da filaye, sai karyewar tattalin arziki ta 1873 ta share shi. Yana da shekara 40 ya sake farawa.

A kakar 1876 ya koro shanu 1,600 zuwa wani ƙaton kwazazzabo a arewacin Teksas mai suna Palo Duro. Idan kana kusa da Amarillo ka je ka gan shi. Ƙasa ce shimfiɗaɗɗiya kamar faifai, ba bishiya ba tudu, sai kawai ta tsage a gabanka, tsawon kusan kilomita 190, zurfin wajen mita 240. A ƙasan akwai ruwa, akwai itace, akwai ciyawa, ga bangon dutse da ke tare iskar hunturu kuma ya zama shinge ba tare da an kafa ko dirka ɗaya ba. Makiyayi ba zai roƙi Allah abin da ya fi wannan ba. Wanda ya nuna masa hanyar shiga wani Bameksike ne, Nicolás Martínez, tsohon mai fatauci da Komanci. Suka saukar da kaya a kan alfadarai, suka kori dubban ɓauna daga cikin kwarin, suka haƙa ɗaki a jikin gangare suka rufa shi da itace da ƙasa.

Nan ne maganar "dajin da babu kowa" take rushewa. Shekara biyu kacal kafin zuwansa, wannan kwari mafakar hunturu ce ta ƙabilun Komanci da Kayowa da Shayen, mutanen da muka tashi muna ce wa Indiyawan daji saboda abin da sinima ta koya mana, sunan da bai dace da su ba. Ranar 28 ga Satumba 1874, da asuba, Kanar Ranald Mackenzie ya gangaro da sojoji ya auka wa sansanoninsu. Mutane kaɗan aka kashe, yawanci sun haye duwatsu sun tsira. Amma ya ƙone bukkokinsu da abincin da suka tanada, ya kama dawaki wajen 1,400, ya sa aka harbe fiye da 1,000. Makiyayin doki da aka raba da dokinsa ana gab da sanyi, me ya rage masa? Kafin tsakiyar 1875 duk sun miƙa wuya, har da Quanah Parker, ɗaya daga cikin jagororin Komanci, wanda ya miƙa wuya a sansanin soja na Fort Sill. A daidai wannan lokaci maharba fata suna karkashe ɓauna, dabbar da ita ce abincinsu da suturarsu da rufin ɗakinsu. Daga miliyoyi masu yawa, kafin 1890 waɗanda suka rage a daji ba su kai 1,000 ba. Dajin ya zama babu kowa ne bayan an share shi, kuma da kuɗin gwamnati da bindigarta aka yi sharar.

A ƙarshen 1878 Quanah ya fito da jama'arsa daga inda aka killace su, suka dawo Palo Duro neman ɓauna, ba su samu ba, yunwa ta sa suka fara yanka shanun Goodnight. Ya hau doki ya je ya same su. Suka yi sulhu a kan zai riƙa ba su shanu biyu duk bayan kwana ɗaya har su sami abin farauta, su kuma su bar garken lafiya. Duka ɓangarorin sun cika alkawari, daga baya ma suka yi abota har tsufa. Abin da ke ƙara wa wannan ganawa nauyi shi ne, a 1860 Goodnight na cikin waɗanda suka yi wa dakarun Teksas jagora zuwa wani sansanin Komanci a kogin Pease, inda aka kama mahaifiyar Quanah, Cynthia Ann Parker, Baturiyar da aka sace tana yarinya ta shekara 24 a cikinsu. Ba ta sake ganin ɗanta ba har ta rasu. Duk lokacin da na zo wannan wuri a tarihin nakan tsaya, domin mutumin da aka raba da uwarsa da ƙasarsa ne ya zo yana karɓar sadakar nama a kwarin da ya kasance mafakar mutanensa.

Saura kuɗi. Shanu 1,600 da ɗakin rami ba su isa su riƙe kwari irin wannan ba, wani mai ƙarfi zai zo ya saye shi a ƙarƙashinka. A 1877 Goodnight ya ƙulla yarjejeniyar shekara biyar da wani attajiri daga ƙasar Ailan, John George Adair, wanda ke ba da rance a Denver. Adair ya kawo jari ya ɗauki kashi biyu cikin uku. Kashin Goodnight ma bashi ne daga hannun Adair da ruwan kashi 10 cikin 100, sai albashin dala 2,500 a shekara. Harufan sunan mai kuɗin aka sa wa gidan, JA, su ne kuma lalas ɗin da ake yi wa shanun. Shi wannan Adair sananne ne a ƙasarsu, domin a 1861 ya fitar da talakawa 244 daga gidajensu a Derryveagh. Eka 12,000 suka fara saye, Goodnight ya tsittsince su nan da can, duk inda ruwa yake, yadda sauran filin ba zai amfani kowa ba sai su. Shekara biyar ta cika da ribar fiye da dala 500,000. Lokacin da Adair ya mutu a 1885, shanu wajen 100,000 ke kiwo a kan fiye da eka miliyan 1.3.

Ban manta da matar Goodnight ba, na ajiye ta ne don ta samu wurinta. Mary Ann Dyer, ana ce mata Molly, malamar makaranta ce da ta riƙe ƙannenta bayan rasuwar iyayensu. Ta iso Palo Duro a 1877 tare da matar Adair, kuma da matar Adair ɗin ta koma, sai ta zama ba ta da wata mace 'yar'uwarta kusa, maƙwabciya mafi kusa tana nesa da fiye da kilomita 100. Ita ce mai jinya, ita ce mai ɗinkin tufafin ma'aikata, ita ce mai rubuta wasiƙa. Wani kaboyi ya kawo mata kaji uku don a yanka, ta ƙi, ta bar su suna bin ta tana yi musu magana, saboda tsananin kaɗaici. Da dare tana jin harbin maharba, da kukan 'yan maruƙan ɓauna da aka kashe iyayensu. A 1878 ta sa mijinta ya kamo mata wasu, ta shayar da su da kwalba. Zuriyar waɗannan marayu ita ce garken ɓauna na jihar Teksas da ke dajin Caprock Canyons a yau.

Sai dai in gaya maka gaskiya, ɗan'uwa, da wuya kakan maƙwabcinka ya kasance irin Goodnight. A kowane mai eka miliyan akwai dubban masu eka ɗari shida da shanu talatin, kuma su ne kakannin yawancin masu ba da labari. Rayuwarsu ta fi kama da ta wanda ya sari daji ya kafa tunga. Inda babu itace, saiwar ciyawa da ƙasarta ake yankawa da garma kamar tubali a jera a yi ɗaki. Yana da ɗumi da sanyi, yana da sanyi da zafi, amma idan aka yi ruwa kwana ɗaya rufin sai ya yi kwana biyu yana zuba, macizai da ɓeraye kuma 'yan gida ne. Makamashi kandilo ne, na ɓauna da farko, daga baya na shanu, mata da yara ke yawon tsinta da buhu. Ruwa a ganga ake ɗaukowa daga nesa kafin a samu halin haƙa rijiya, wadda takan yi zurfin gaba talatin ko fiye, da hannu. Abinci masara ce da wake da naman gishiri. Kuɗin gishiri da sukari da kananzir yawanci daga man shanu da ƙwan da matar gida ke sayarwa suke fitowa, domin shanu sau ɗaya ake sayarwa a shekara. Maigida kan tafi ƙodago wata da watanni, aikin titin jirgi ko kiwon wani babban gida, ya bar ta da yara da bindiga. Bayan an ƙare ɓauna, wasu da tsintar ƙasusuwanta suna sayar wa masu yin taki suka ci abinci. A 1874 fara ta sauka a Kansas da Nebraska ta cinye komai har da tufafin da aka shanya. Gobarar daji na tashi a kaka ta yi gudun doki. Mace na haihuwa babu ungozoma, maƙarau da zazzaɓin taifot na ɗaukar yara biyu ko uku a gida ɗaya cikin mako guda.

Harbe-harben da fim ya cika da su ba su ne suka fi kashe mutane ba. Faɗuwa daga doki, nutsewa a ƙetaren kogi, tsawa, ciwon huhu, su ne ajalin mafi yawan makiyaya. Goodnight ma ya haramta giya da caca da faɗa a gidansa, wanda ya karya doka ya kama gabansa. Su kansu kaboyi 'yan ƙodago ne masu albashin dala 25 zuwa 40 a wata, ba masu shanu ba. Sana'ar daga Meksikawa aka koye ta, igiyar da sirdin da salon hawan duk nasu ne. Ana ƙiyasta cewa kusan ɗaya cikin huɗu na masu korar garke baƙar fata ne, yawanci 'yantattun bayi. Amintaccen Goodnight a tafiye-tafiyensa na farko, wanda yake ba ajiyar kuɗi, Bose Ikard ne, wanda aka haifa cikin bauta a Misisipi. Da ya rasu a 1929 Goodnight ne ya sa aka kafa dutse a kabarinsa a Weatherford.

Zamanin kiwon sake bai yi tsawon rai ba, shekara ashirin ne da 'yan kai. Abu biyu suka kashe shi. Na farko waya mai ƙaya, wadda Joseph Glidden ya yi wa rajista a 1874. A ƙasar da babu itacen shinge, ita ce ta fara ba mai kuɗi damar kewaye ruwa da ciyawa, har da filin da ba nasa ba, har da hanyar makaranta da coci. Da fari ya matsa a 1883, ƙananan makiyaya da suka tarar an rufe musu mashaya suka shiga yanke waya da dare, aka zubar da jini. A 1884 majalisar Teksas ta mai da yanke waya babban laifi mai ɗaurin shekara ɗaya zuwa biyar, ta kuma wajabta barin ƙofa duk bayan mil uku inda shinge ya tare hanya. Dubi yadda hukuncin ya karkata, ka san wanda ya yi nasara. Famfon iska mai jawo ruwan ƙarƙashin ƙasa ya ƙarasa aikin, domin da shi ne aka iya killace fili ko babu rafi a ciki.

Na biyu sanyi. Kuɗin Ingila da Sikotlan sun kwararo, aka cika daji da shanu fiye da abin da ciyawa za ta ɗauka. Ɗabi'ar saniya ce idan guguwar ƙanƙara ta taso ta juya mata baya ta yi ta tafiya kudu har ta sami mafaka. A Janairu 1886 shanun da suka taho haka suka ci karo da dogon shingen da aka ja a arewacin Teksas, suka taru a jikinsa suka daskare dubbai. Hunturun 1886 zuwa 1887 ya yi wa Montana da Wayomin da Dakota abin da ya fi haka. Theodore Roosevelt, wanda ya zama shugaban ƙasa daga baya, ya rasa fiye da rabin garkensa a can. Wanda ya tsira daga wannan shekara ya koyi rage garke, da yankan ciyawa a tara, da ciyar da dabba da hannu lokacin sanyi. Gidan kiwo irin wanda ake gani yau daga nan ya fara.

Nakan tuna da wannan idan ana muhawarar kiwon killace a gida Najeriya aka ce a yi yadda Amurka ta yi. Su ma da kiwon sake suka fara, a filin gwamnati, da burtalinsu na korar shanu zuwa tashar jirgi. Shinge ya zo ne bayan waya mai araha da rijiya da jirgin ƙasa da rance, kuma ƙaramin makiyayi ne ya biya kuɗin sauyin. Har gobe ma makiyayan yammacin Amurka suna kiwo a miliyoyin eka na gwamnati da lasisi, bisa tsarin da dokar kiwo ta 1934 ta kafa.

Goodnight ya rabu da JA a 1887, ya kafa nasa gidan mai matsakaicin girma, ya buɗe kwaleji a 1898, ya kuma yi asarar dukiya mai yawa a haƙar azurfa a Meksiko. Molly ta rasu a 1926, shi kuma a Disamba 1929 yana da shekara 93, bai bar ɗa ba, ƙasar ma ta riga ta fita hannunsa. JA kuwa matar Adair, Cornelia, ta riƙe shi har rasuwarta a 1921, kuma yana hannun zuriyarta.

Idan ka koma wajen dattijon, kada ka je da niyyar ƙure shi, ka je da ladabin mai neman sani, zai buɗe maka fiye da yadda kake zato. Ka tambaye shi shekarar da kakan ya sauka da gundumar. Idan kafin 1875 ne a yammacin Teksas, to a bakin yaƙi ya zauna, idan bayan 1890 ne, to filin da manyan gidaje ko kamfanin jirgi suka yanyanka ya saya. Ka tambaye shi ko akwai idon ruwa ko rafi a filin, da wanda ya ba da rancen farko. Takardun ba su ɓata ba: na Teksas suna ofishin filaye na jihar a Austin, na sauran jihohi suna ma'ajiyar tarihi ta ƙasa, a ciki har da bayanin shaidu kan girman ɗakin da yawan ekar da aka nome, lalas ɗin gidan kuma yana rubuce a littafin gunduma. Sannan ka tambaye shi sunan matar kakan, 'ya'ya nawa ta haifa, nawa suka girma. Da yawa daga cikin tsofaffin gidajen nan suna da 'yar maƙabarta a bayan gida da aka kewaye da waya. Idan tasu tana nan, ka roƙe shi ya kai ka, ka karanta shekarun da ke rubuce a kan ƙananan duwatsun.